Shin Ya Kamata Abokin Gaba Ya Iya Haƙo Rami a Wasan Ginin Ganuwa?

Akwai wata gardama da kan tashi tsakanin masu wasannin kwamfuta da na wayar hannu, musamman irin waɗanda mutum ke gina gari ya kewaye shi da ganuwa, sa'an nan abokan gaba su kawo masa hari. Gardamar ita ce, shin daidai ne a bar maharan nan su haƙo rami ta ƙarƙashin ƙasa su ɓullo cikin gari kamar gafiya, ko kuwa a tilasta musu su biyo ta ƙofa? Wani zai ce ai wannan zancen wasa ne. Haka ne, amma ba a iya raba gardamar sai an san yadda ganuwar gaske take aiki, mu kuwa Kanawa ga ta nan a ƙofar gidanmu. Saboda haka na ga ya dace mu ɗauki tambayar mu kai ta Ƙofar Mazugal, mu auna ta a can.

Yadda wasannin suke

Bari in kawo misali uku. A wasan Stronghold, wanda ya fito a 2001, akwai mayaƙan da ba su da aiki sai haƙa. Sukan fara rami daga nesa, su bi ta ƙasa har gindin bango, su rushe shi. A wasan Clash of Clans, wanda da yawanmu suka sani a waya, an ƙara wani mahaƙi a 2016 mai nutsewa cikin ƙasa ya wuce bango ba tare da ya taɓa shi ba. Na uku shi ne Dwarf Fortress, wanda wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Tarn da Zach Adams, suka fitar a 2006. A cikinsa mutum na shugabantar wadanni masu sassaƙa gari a cikin dutse. Shekara da shekaru mahara ba su iya haƙa a wannan wasa, saboda haka mai wasa kan toshe hanya da bango, ya ɗage gadarsa, ya ci gaba da noma a ciki, dodanni su gaji da jira a waje su tafi. Sai a 2025 aka yi gyaran da ya ba su ikon haƙa da fasa bango.

Masu ƙin haƙa suna cewa mutum ya ɓata kwana da kwanaki yana tsara ƙofa da tarko da hasumiya, in maƙiyi zai iya ɓullowa tsakar ɗaki, to, wahalar banza ya yi. Masu so kuwa suna cewa wasan da ba a iya cin ka a cikinsa ba wasa ba ne, kamar mai dara ne da ya ce shi zai ci 'ya'yan abokin karawarsa amma kada a taɓa nasa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. To, mu ji ta bakin tarihi.

Abin da ganuwar Kano ta koya mana

Ƙofar Mazugal tana cikin ƙofofin farko na birnin Kano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta cikin aikin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Ana danganta sunan ƙofar da zuga, watau aikin zugazugin maƙera, gama tun zamanin da ana narka tama a wajajen Dala. Daga baya Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwar, haka kuma Muhammadu Nazaki a tsakanin 1618 da 1623.

Abin lura shi ne, ganuwar ba bango kaɗai ba ce. Tudun ƙasa ce mai faɗin gindi, tana tsukewa zuwa sama, da wurin tsayawar maharba ta ciki. A da, ta waje akwai gwalalo mai zurfi da sarƙaƙiyar ƙaya. Ƙofofin kuma ƙunci gare su, an shigar da su ciki yadda duk wanda ya tunkaro zai sha kibiya ta dama da hagu. A wancan zamani kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, ana rufe ta da dare. A lokacin, cikin ganuwa akwai gonaki da rijiyoyi da kududdufai, don kada yunwa ko ƙishirwa su ci gari in an yi masa ƙawanya. Lugga da kansa ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuma ƙafa 40.

To, ta ina aka shiga birnin sa'ad da aka shige shi? A zamanin Sarki Dadi, wanda ya hau sarauta a 1670, Kwararrafawa ta Ƙofar Gadon Ƙaya suka shigo. Ran 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka iso, Sarki Alu yana Sakkwato. Igwarsu ba ta yi wa jikin ganuwa wata ɓarna ba, ƙofar da suka fara gwadawa ma ta gagare su, sai da suka zaga Ƙofar Kabuga suka fasa ta. Duka biyun ta ƙofa ne. Dalili kuwa a fili yake. Wanda zai haƙa rami a nan dole ya fara daga nesa inda kibiya ba ta kaiwa, ya nutsa ƙasa da gwalalo, ya wuce ƙafa 40 na tudun ƙasa. Ko ya yashe gindin, ƙasa ba ta zubewa gaba ɗaya kamar ginin dutse, zama take yi ta cike ramin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu haƙar rijiya ya san sauran wahalar: iska na ƙaranci, ruwa na tsattsafowa, ƙasa na iya ruftawa.

Inda aka yi haƙa da gaske

Amma kada mu ce ba a taɓa cin gari da rami ba. A ƙasashen da ake ginin ganuwa da dutse, wannan tsohuwar dabara ce. Mahaƙa sukan yashe ƙasan bango, suna tokare shi da itatuwa, in sun gama su cusa kirare su sa wuta. Da itatuwan sun cinye, sai bango ya rasa madogara ya zube. Haka mutanen Salahuddin suka yi wa ganuwar Ƙudus a watan Satumba na 1187, maharba suna kare su har wani sashe ya faɗi, ran 2 ga Oktoba aka miƙa masa birnin.

A 1453 kuwa, da Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu ya kewaye Ƙustantiniyya, wadda ake kira Istanbul yanzu, ya sa gwanayen haƙar ma'adinai suka yi ramuka da dama. Mutanen gari suna da wani gwani, Johannes Grant, wanda ya riƙa haƙa nasa ramin yana tarye su, ana gwabzawa cikin duhu, ana tura musu wuta da hayaƙi. Ba ramin da ya yi nasara. Birnin ya faɗi ran 29 ga Mayu, amma da igwa da farmaki ta sama. Masu tsaron garuruwa a zamanin da har dabarar saurare gare su. Sukan ajiye kwanon ruwa a ƙasa, in ruwan ya yi ta rawa ba iska, sun san ana sara a ƙarƙashinsu.

Ra'ayina

Ni a ganina a bar abokin gaba ya haƙa, amma a ɗora masa irin nauyin da mahaƙin gaske ya ɗauka. Sharuɗɗan guda huɗu ne.

Na farko, lokaci. Rami aikin kwanaki ne ko makonni, kada ya zama abin da ake yi cikin ƙiftawar ido. Na biyu, irin ƙasa. Ya yi sauri a ƙasa mai laushi, ya sha wuya a marmara, ya tsaya in ya tarar da fa ko ruwa. Ta haka mai wasa zai koyi zaɓen wurin kafa gari, kamar yadda kakanninmu suka zauna gindin Dala inda ake hangen nesa. Na uku, alama. Tulin ƙasar da aka kwaso ba ya ɓoyuwa, ƙarar diga ma ana ji, don haka mai sa ido ya sami labari, mai barci kuwa ya kuka da kansa. Na huɗu, magani. A ba mai gari damar zurfafa gwalalo, ko tarye ramin da nasa, ko sakar masa ruwa, ko fita da dare ya tarwatsa mahaƙan.

Idan an cika waɗannan, kukan masu cewa wahalarsu ta tafi a banza ya ƙare, gama kyakkyawar ganuwa ita ce ta tilasta wa maƙiyi barin hanya mai sauƙi ya kama mai wuya. Amfaninta ke nan tun asali, ta sayo wa mutanen gari lokaci. Wasan da ya nuna wa yaro cewa da ya ja bango shi ke nan ya huta, ƙarya ya koya masa. Wanda kuma ya bar maƙiyi ya ɓullo ko'ina ba gargaɗi, ya koya masa cewa shiri ba shi da amfani, wannan ma ƙarya ce.

Haƙar da ta fi ta abokin gaba

Kafin in ajiye alƙalami, akwai wata haƙa da ba a sa ta cikin wasa ba tukuna. A da, bayan damina akan fito gayya a yaɓe inda ruwa ya zaizaye, don an san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka daina yaƙi aka daina yaɓe. Aka shiga ɗibar ƙasar ganuwa ana gini, ana yanka filaye a kanta, ana zuba mata shara. Wanda ya bi ta Ƙofar Mazugal ya duba dama da hagu, motoci da gine-gine zai fi gani a kan badala. Abin da ya gagari igwar 1903, ga shi diga da shebur namu suna cinye shi, da ɗan gari akan ci gari. A 2007 an sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, amma suna a takarda ba ya yaɓe bango.

Shawarata ga ƙungiyar tarihi ta makarantarmu ita ce a shirya fita wata Asabar, a je a auna tsayi da kaurin abin da ya rage kusa da wannan ƙofa, a zana shi, a tambayi dattawan unguwa yadda suka san wurin suna yara, a rubuta a ajiye. Masu sha'awar kwamfuta a cikinmu kuma, me zai hana wata rana ku ƙirƙiro wasan ganuwar Kano, da gwalalonta da Sarkin Ƙofarta da gayyar yaɓenta? Allah ya ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana, amin.