Yadda Ake Zaɓar Injin Kwale-kwale

Garin Bauchi ba a bakin babban kogi yake ba, amma ruwa bai yi masa nisa ba. Ga madatsar Gubi da ke ba garin ruwan sha, ga Gongola da ake tsallakewa a gadar Dindima in an nufi Gombe, ga kogin Jama'are da ke tumbatsa a arewacin jihar da damina, har wasu ƙauyukan Zaki da Itas Gadau ba sa shiguwa sai da fito. Masunci ne ko mai fito ko ƙungiyar gari, duk wanda zai sayi injin kwale-kwale kuɗi mai yawa zai kashe, kuma rayukan mutane zai ɗora a kai. Injin da ya dace shi ne wanda ya yi daidai da jirginka, da ruwan da kake bi, da bakaniken da ke kusa da kai.

Mataki na ɗaya: Fara da jirgin

Kafin ka tambayi farashi, auna tsawon jirgin, ka ƙiyasta nauyin da yake ɗauka ba tare da ruwa ya kusanci bakinsa ba. Sannan ka duba katakon baya inda za a ɗaura injin. In ya ruɓe ko ba shi da kauri, girgizar inji za ta tsaga shi. Jiragen kamfani kan zo da ɗan allo mai nuna iyakar ƙarfin inji da nauyin da za su iya ɗauka. Na katako ba su da shi, don haka ka nemi kafintan da ya haɗa jirgin ya gaya maka abin da bayansa zai jure.

Mataki na biyu: Ƙarfin doki

Da doki ake auna ƙarfin inji. Ƙaramin kwale-kwalen masunci ɗaya ko biyu a ruwa kwance irin na madatsa, doki 2 zuwa 6 sun ishe shi. Jirgin katako mai tsawon mita 5 zuwa 7 yana son doki 8 zuwa 15. Babban jirgin fito mai ɗaukar mutane da babura da buhuna shi ake sa wa 25 zuwa 40. In kogi mai gudu kake ratsawa, ɗauki na sama a cikin rukuninka, domin ka samu rarar ƙarfin haurawa in ruwa ya ja ka.

Kada ka wuce rukuninka. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudun da ba ya wucewa. Ƙarin ƙarfi sai dai ya danne bayansa cikin ruwa, ya ɗaga goshinsa, ya sha mai a banza. Ga kuma nauyi: inji mai doki 15 yakan kai kilo 35 zuwa 50, mai doki 40 ya haura kilo 70, duk a wuri guda a ƙarshen jirgi.

Mataki na uku: Tsawon ƙafar inji

Auna daga saman katakon baya zuwa ƙasan jirgi. In ya kai kamar santimita 38, gajeriyar ƙafa kake buƙata. In ya kai kamar 51, doguwa. Faifan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan sauka kaɗan. In ƙafar ta gaza, farfela za ta riƙa shaƙar iska, ruwan sanyaya inji ya yanke. In ta yi tsawo, za ta riƙa karo da yashi da duwatsu, musamman da rani in ruwa ya janye.

Mataki na huɗu: Mai gauraye ko mai baƙin mai daban

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, irin ƙaramin janareto na gida, akwai kuma mai rumbun baƙin mai daban, irin babur ɗin Boxer. Mai gauraye ya fi sauƙin kuɗi da nauyi da gyara, shi ya sa Yamaha Enduro ya cika bakin ruwan Najeriya. Aibinsa shan mai da hayaƙi. Mai doki 15 in an buɗe masa wuta duka yakan sha lita 6 zuwa 7 a awa guda. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama dole. Mai baƙin mai daban ya fi tsada da nauyi, amma yana rage shan mai sosai, ba shi da yawan ƙara, kuma ba ya barin maiƙo a ruwa kamar wancan. Wanda zai yi aiki a Gubi, inda jama'ar gari ke sha, ya lura da wannan, ya kuma nemi izinin hukumar da ke kula da madatsar kafin ya sa inji.

In mai gauraye ka zaɓa, yawanci mililita 20 na mai ake zuba wa kowace lita ta fetur, sabon inji kuma a ninka masa a awanni goman farko. Bi abin da littafin injin ya ce, kuma ka yi amfani da man da aka yi don injin ruwa.

Mataki na biyar: Farfela

Jirgi mai ɗaukar kaya yana son farfela mai ƙarfin turawa, ko da gudu zai ragu. Gaya wa mai sayarwa nauyin da kake ɗauka. Sayi ta biyu ka ajiye da noti da fil ɗinta. A yankin Jama'are da Haɗejiya, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, zaɓi injin da mutum ɗaya zai iya ɗage ƙafarsa da hannu ya warware abin da ya naɗe.

Mataki na shida: Bakanike da kayan gyara

Je bakin ruwan da za ka yi aiki, ka tambayi Sarkin Ruwa da masu fito wane inji suke amfani da shi, wa ke gyara musu, daga ina fulogi da robar famfon ruwa da kayan kafireto ke zuwa. Yamaha da Suzuki da Tohatsu da Mercury duk sanannu ne, akwai kuma na China masu araha irin su Parsun. Wanda bakaniken yankinka ya iya kwancewa ya ɗaure, shi ne naka. Inji mai jiran kaya daga Legas a tsakiyar damina asarar kaka guda ce.

Mataki na bakwai: Gwada kafin ka biya

In na hannu ne, tafi da bakanike. A tsoma ƙafar a durom cike da ruwa kafin a tayar, domin tayar da shi a bushe yana ƙona robar famfo nan take. Ya tashi da sanyinsa a ja biyu ko uku. Zirin ruwan da yake fitarwa ta baya ya fito da ƙarfi. A sa giyar gaba da ta baya. A kwance notin man giya: in ya fito fari kamar madara, ruwa yana shiga. A duba lambar inji ta yi daidai da ta rasit, don kada ka sayi kayan sata.

Mataki na takwas: Bar kuɗin kariya

Kada inji ya cinye kuɗin duka. Ware na rigunan ruwa daidai da yawan fasinja, da filafilai biyu, da bokitin kwarfar ruwa, da igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu wadda ke kashe inji in ya faɗa ruwa. Raba manka uku: na zuwa, na dawowa, na ko-ta-kwana. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin ƙasa tana hana tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma yawan lodi aka ɗora wa laifin. Sabon inji ba ya ƙara wa jirgi ko mutum ɗaya a kan abin da yake ɗauka. Rubuta adadin fasinja a jikin jirgin da fenti, in ya cika ka tashi, sauran su jira sawu na biyu.