Shugaban bankin cimaka: yaushe za a yi shawara, yaushe za a tsaya kan doka?

Kuka iri biyu ake yawan ji daga shugabannin bankunan cimaka a Damargu. Wani ya ce yana jin ta kowa, amma hatsin ya ƙare a hannun masu bashi. Wani ya ce ya tsare dukiya tsaf, sai dai jama'a sun daina zuwa taro. Ciwonsu ɗaya ne. Kowannensu ya riƙe hali guda har shekara ta zagayo, alhali aikin yana sauyawa da lokaci.

Da kaka, sa'ad da gero ke araha a kasuwannin Tanut da Belbeji, shugaba ya rage baki ya buɗe kunne. Buhu nawa za a saya, nawa za a sayar da tiya, tiya nawa gida ɗaya zai samu, duk wannan hukuncin taro ne. A bar mata su yi magana, domin su suka san abin da ke kai gida mako. A rubuta abin da aka tsayar, a karanta shi a bainar jama'a.

In damina ta yi nisa rumbuna suka yi ƙasa, lokacin shawara ya wuce. A nan ne ƙanen mai gari zai sallamo bayan isha'i yana neman buhu biyu zuwa kaka. Ka tarbe shi da mutunci, ka ce: "Kawu, ba ni na hana ba, taro ya hana, kuma kana wurin." Wanda ya ga yunwar 2005 a ƙasar nan ya san abin da buhu biyu ke nufi ga gidaje goma. In ka sassauta wa mutum ɗaya, gobe ba ka da bakin hana na biyu.

Rigimar ɓarna kuwa daban take. Damargu ƙasa ce da gona ke iyaka da makiyaya, kuma makiyayi ba ya ƙarƙashin kwamitinka, tsawa ba ta da amfani a kansa. Ka saurara, ka kai maganar gaban mai gari da arɗo, in ta faskara a nufi COFO, hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada.

Haka ma'aikatanka. Sabon magatakarda ka zauna da shi kan littafi layi-layi. Ma'ajin da ya daɗe amanarsa ta tabbata ka sakar masa mara, lissafin wata ya isa.

Kafin kakar bana, ka kira taro a tsayar da dokar bashi tun ba a fara roƙo ba.