Zarton Lantarki na Hannu: Saita Shi Kafin Ka Ba Shi Wuta

Da an kai amfanin gona gida, mai shinkafa a Tudun Wada da mai masara a Doguwa sun ga kuɗi, sai aikin gini ya tashi. Wannan zai yi rufin ɗaki, wancan zai sake ƙofa, wasu har 'Yan Katako na Na'ibawa suke zuwa sayen kaya. A nan zarton lantarki mai zagayayyen faifai ke shigowa gida, ko a hannun kafinta, ko a matsayin kayan aro. Faifansa mai faɗin milimita 185 yakan juya kusan sau 5,000 a minti ɗaya, bai kuwa san bambancin katako da yatsa ba.

1. Zare filogi kafin ka taɓa faifai. Kashe makunni bai isa ba. Idan an ɗauke wuta kana cikin yanka, ka zare shi nan take, don wutar ba ta sallama idan za ta dawo.

2. Saita zurfin yanka. Nan ne aka fi sakaci. Ɗora tafin zarton a bakin katakon, ka sassauta maɗaurin da ke baya, ka sauke faifan har haƙoransa su leƙo ta ƙasa da kamar milimita 5 zuwa 6, wato abin da bai kai tsawon haƙori guda ba, sannan ka ɗaure tamau. Wasu kan saki faifan gaba ɗaya wai ya fi ci. Abin da suke ƙarawa shi ne yawan haƙoran da ke tsirara a ƙarƙashin katako, inda ido ba ya gani, ga kuma ƙarfin harbi idan faifan ya maƙale. Irin wannan zarto ba ya wuce zurfin milimita 65 ko kusa da haka, don haka tubaifo zai yanku a kwance, amma gungumen ice ba aikinsa ba ne.

3. Duba kusurwa da sikwaya. Lambobin jikin injin sukan yi ƙarya bayan ya sha faɗuwa. In ka karkatar da shi zuwa digiri 45, ka tuna zurfin yankansa ya ragu.

4. Kowane aiki da faifansa. Mai haƙori 24 na tsaga katako ne a tsawonsa, mai 40 zuwa 60 kuma na allon silin da yankan da ake son bakinsa ya fito sumul. Kibiyar jikin faifai ta dace da ta jikin murfi. Ice mai tauri irin maɗaci da ƙirya yana dakusar da haƙora da wuri. Da ka ji ƙauri ko ka ga bakin yanka ya yi baƙi, faifan ya gaji. Tsohon katakon rufi kuwa, a cire ƙusoshinsa tukuna.

5. Kada a ɗaure murfin ƙasa da waya ko roba. Shi ke rufe haƙora da kansa bayan an gama yanka. Idan yana cijewa, garin katako ne ya cushe shi, a share. Zarton da aka ajiye a ƙasa babu murfi, faifai bai tsaya ba, tafiya yake yi da baya, ƙafar mai shi yake fara samu.

6. Harbin zarto. Idan tsagar ta matse faifai, injin kan yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Galibi daga shimfiɗar katakon matsalar take. Kada ka ɗora katako a kan buloli biyu ka yanka tsakiya, domin zai lotsa ya cije faifan. Ka tallafe ɓangaren da kake so, ka bar guntun da za a zubar ya faɗi da kansa. Ɗaure katakon a benci. Gwiwa ba benci ba ce, hannun yaro kuma ba maɗauri ba ne. Riƙe da hannu biyu, ka tsaya a gefe, ba a saitin faifai ba. Bari ya ɗauki gudu kafin ya taɓa ice. Idan ya maƙale, saki makunni ka jira ya tsaya cak kafin ka zaro shi. Ɗanyen ice, kamar darbejiyar da aka sare jiya, ya fi kowane matsewa.

7. Giranda ta masu walda ba zarto ba ce. Ƙaramarta tana juyawa kusan sau 11,000 a minti, ba ta da tafi, ba ta da murfi mai rufe kansa. Duk wanda ya ɗaura mata faifan katako a gidanka, ka dakatar da aikin, ko ransa zai ɓaci.

8. Wuta. Zarton yana jan wat 1,200 zuwa 1,800, wajen tashi ma ya fi haka, don haka ƙaramin janareta na fitila da cajin waya ba zai ɗauke shi ba. A nemi waya mai kauri da filogi na gaskiya, ban da cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. Wayar ta bi ta bayanka. Ba a aiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

9. Sutura. A tuɓe babbar riga da hirami, a naɗe hannun kaftani. A sa tabarau na kariya, a toshe kunne, a sa takunkumi, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ta riga ta cika hanci. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Uwargida ta kau da yara da awaki daga tsakar gida har a gama.

10. In tsautsayi ya afku, a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama. Ban da toka, ƙasa ko baƙin mai. Yatsan da ya cire a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ƙanƙarar ta taɓa naman. A garzaya babban asibiti mafi kusa, a tambayi allurar tetanus. Daga Doguwa sai an ratsa dajin Falgore, a bi ta Kwanar Dangora kafin a kai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, saboda haka kada a tsaya jiran gari ya waye.