Gwajin DNA ta waya: abin da ya kamata matashin Wurno, Rabah ko Goronyo ya sani kafin ya tofa yawu a kwalba

Duk mai yawan leƙa TikTok ya taɓa cin karo da bidiyon wani ɗan Afirka mazaunin Amurka ko Ingila yana buɗe sakamakon gwajin DNA ɗinsa a waya: kashi kaza Najeriya, kashi kaza Senegal. Kamfanoni irin su AncestryDNA, MyHeritage da 23andMe ne ke sayar da wannan gwaji kai tsaye ga mai so, ba sai ya bi ta hannun likita ba. Ana aiko masa da 'yar kwalba, ya tofa yawu ko ya goga auduga a cikin kumatunsa, ya mayar, bayan 'yan makonni sakamako ya fito a manhaja. Kuɗin yakan kai kusan dala 100. A nan gida kuma ɗakunan gwaji na Legas da Abuja suna tallar gwajin tabbatar da uba a Instagram, har da alkawarin aika kayan ɗaukar samfur zuwa kowace jiha.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a gabashin Sakkwato ba ya buƙatar manhaja ko dala. Shi ne gwajin da ke nuna ko mutum AA ne, ko AS, ko SS, wanda ake kira jinotayif. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar sikila, inda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Lissafin a kan kowane ciki yake daban, don haka haihuwar yara uku lafiyayyu ba ta kare na huɗu, kuma ana iya samun SS biyu a jere. A garuruwan da auren zumunci ya yi ƙarfi, inda ɗan wa kan auri 'yar ƙane, damar haɗuwar AS biyu daga kaka ɗaya ta fi yawa. Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif, doka a watan Mayun 2024.

Akwai abu biyu da ake yawan tuntuɓe a kansu. Na farko, gwajin gaggawa da ke nuna ko akwai sikila a jini ba ya bambance AS da SS, kuma ba ya ganin AC. Wanda ake so shi ne na na'urar da ke rarrabe nau'in jinin da lantarki, kamar yadda ake yi a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Na biyu, wanda aka yi wa ƙarin jini a watanni uku da suka wuce zai iya samun sakamakon da ba nasa ba ne. Idan maganar aure ta yi nisa, gara saurayi da budurwa su je tare da wakilansu, a ɗauki jinin a gabansu, maimakon a dogara da hoton takarda da aka turo ta WhatsApp. Duk wanda ya taɓa wasa da manhajar gyara hoto ya san minti nawa ake ɗauka a mayar da AS ya koma AA.

Wannan gwajin yana duba furotin ɗaya ne a cikin jini, sakamakonsa haruffa biyu ne a takarda. Gwajin kamfanonin waje daban yake. Na'urarsu tana karanta wurare kusan 600,000 daga cikin haruffa biliyan 3 na ƙwayoyin halittar mutum, ta ajiye su a matsayin fayil a kwamfutocin kamfanin. A nan ne maganar sirri ta shigo.

Me sakamakon asali yake faɗa?

Mutanen wannan yanki sun san darajar nasaba. A Wurno aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, a Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, kuma akwai gidajen da tsoho zai zauna ya ƙirga kakanni bakwai ba tare da ya duba takarda ba. Manhaja ba ta kai nan ba. Abin da take yi kawai shi ne kwatanta fayil ɗin mutum da na waɗanda kamfanin ya riga ya tara, ta yi hasashe. Ba za ta ce wane Bagobiri ne ko Ba'adare ko Batoranke ba, domin samfurin waɗannan al'ummomi bai taka kara ya karya ba a rumbunansu. Idan kamfani ya sabunta lissafinsa, kashin da ya bayar bara yana iya canzawa bana, alhali jinin bai canza ba.

Bangaren lafiya ma haka yake. 'Yan asalin Afirka ba su wuce kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu ba, don haka hasashen ciwon suga ko hawan jini da aka gina a kan Turawa ba lallai ya dace da ɗan Goronyo ba. Lokacin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince wa 23andMe da gwajin haɗarin sankarar mama a 2018, sauye-sauye uku kacal gwajin yake dubawa cikin fiye da 1,000 da aka sani, kuma ukun an fi samun su a cikin Yahudawan Ashkenazi. Macen da aka ce mata ba a ga komai ba za ta iya sakin jiki a banza. Wani bincike na shekarar ya gano cewa kashi 40 cikin 100 na sauye-sauyen da aka gani a ɗanyen fayil ɗin irin waɗannan kamfanoni ba su tabbata ba da aka sake gwadawa a ɗakin gwaji na asibiti.

Fayil ɗin da ba na mutum ɗaya ba

Idan aka sace lambar sirrin Facebook, sai a canza ta. DNA ba ta canzuwa, kuma rabinta na uba ne, rabi na uwa, wani kaso na 'yan'uwa da 'ya'yan baffa. Wanda ya ɗora tasa ya ɗora wani yanki na tasu ba tare da ya tambaye su ba.

Abin da ya faru da 23andMe a 2023 ya nuna wannan a fili. Masu kutse ba su fasa rumbun kamfanin ba. Sun ɗauko adireshin imel da kalmomin sirri da aka sace daga wasu shafuka, suka yi ta gwadawa, suka shiga asusu kusan 14,000 na mutanen da ke amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina. Amma da yake manhajar tana haɗa kowa da danginsa na jini, ta waɗannan asusun suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 6.9. Mafi yawansu ba su yi sakacin komai ba, wani ɗan'uwa da ba su taɓa gani ba ne ya yi. A 2018 ma ta hanyar dangi na nesa da suka ɗora fayil ɗinsu a shafin GEDmatch 'yan sandan Kaliforniya suka kama Joseph DeAngelo, wanda ake nema tun shekarun 1970 kan kashe-kashe. A can an kama mai laifi, amma hanyar ɗaya ce ko wane ne ke nema. A garin da kusan kowa ɗan'uwan kowa ne, fayil ɗin mutum goma ya isa ya tona asirin unguwa: ɗan riƙo da ba a taɓa gaya masa ba, ko cutar gado da za ta iya hana 'yan matan gida samun miji idan labari ya bazu.

Sannan kamfani yana iya mutuwa ya bar fayil ɗin. 23andMe, wanda ya karɓi jarin dala miliyan 300 daga kamfanin magunguna na GSK a 2018 don haɗin gwiwar bincike da bayanan abokan cinikinsa, ya shigar da takardar karyewa a Maris ɗin 2025, bayanan mutum kusan miliyan 15 suka shiga cikin kadarorin da aka sa a kasuwa. Daga baya wata cibiya ta Anne Wojcicki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ta saye shi kan dala miliyan 305. A Najeriya ma 54gene, da aka kafa a 2019 don tara samfurin 'yan Afirka, ya durƙushe a 2023.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan ƙwayoyin halitta cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma ta ba mutum 'yancin neman a goge nasa, tare da damar kai ƙara Hukumar Kare Bayanai, NDPC. Bin kadin wannan 'yanci a kan ɗakin gwaji na Abuja abu ne mai yiwuwa. A kan kamfanin da ke Amurka kuwa, sai dai a yi haƙuri.

Wanda duk da haka yake son yin gwajin, ya fara shawartar iyayensa. Ya buɗe asusun da kalmar sirrin da bai taɓa amfani da ita a wani wuri ba, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya kashe sashen neman dangi da na amincewa da bincike. Kada ya ɗora ɗanyen fayil ɗin a shafukan da ke alkawarin fassara shi kyauta. Idan ya gama dubawa, ya nemi a goge asusun, ya kuma nemi a lalata yawun da aka ajiye, domin buƙatu biyu ne daban a wasu kamfanonin. Takardar jinotayif ma ba ta sitatus ba ce: tana ɗauke da suna, shekaru da lambar asibiti, kuma AS ɗin da ke jikinta yana nufin aƙalla ɗaya daga cikin iyayen mai ita ma yana ɗauke da S.