Fiyano Ba Ya Jin Mawaƙi

A da, in za a yi biki na sosai a Mirriya, sai an nemo mai kalangu da mai ganga, an tara masu ƙwarya da ƴan amshi, kowa da abincinsa da sallamarsa. Yanzu saurayi ɗaya ya isa. Zai ɗauko fiyano a bayan kabu-kabu, ya jona shi da lasifika, ya danna maɓalli guda, sai ganguna da bas da jita su tashi a tare. Masu biki sun sami sauƙin kashe kuɗi, samari sun sami sana'a, kuma ba wanda zai iya mayar da hannun agogo baya.

Mai wannan rubutu yana kaɗa fiyano a wuraren biki da taro, yana kuma koyar da matasa tsakanin Mirriya da Zinder, tafiyar kilomita 18. Kayan aiki ba su ne matsalarsa ba, don suna shigowa daga Kano, sabo da na hannu, Yamaha da Casio da Korg. Abin da ke damunsa shi ne mawaƙa sun koma bin na'ura a baya. Yaro ya yi sati biyu yana taɓa maɓallai, ya gane inda ake kunna kiɗan rakiya, ya fara karɓar aiki. Waƙar aure da ta siyasa da ta tallan magani duk su fito da ganga iri ɗaya da gudu iri ɗaya, mawaƙi yana haki yana cusa kalmomi inda ba su da wurin zama.

Sai an san yadda abin ke aiki kafin a san inda yake ɓatawa. Yawancin fiyanon da ke hannun matasa yana da maɓallai 61. In aka kunna rakiya, wato maɓallin da Yamaha ke rubuta ACMP a kansa, na'urar takan raba maɓallan gida biyu. Guda 19 na hagu sun daina fitar da sauti irin na sauran, sun koma masu ba da umarni. Hannun hagu yana danna muryoyin da ake haɗawa su tashi tare, abin da makaɗa ke kira akor, na'urar ta karanta, ta juya bas da jita da sauran kayan zuwa wannan akor ɗin. Hannun dama shi ke bin karin waƙa. Kowane ritim, wato salon kiɗan rakiya, da ke ciki yana da mabuɗi, da jiki iri biyu ko huɗu, da ɗan juyin ganga da ake shiga da shi amshi, da rufewa. A manyan fiyano na Yamaha rakiyar kashi takwas ce: ganguna biyu, bas ɗaya, masu riƙe akor biyu, shimfiɗa ɗaya, da masu ado biyu. Har da yatsa ɗaya ana iya tuƙa su duka, kuma wannan sauƙin ne ke ruɗar mai koyo.

Abin da na'urar ba ta da shi kunne ne. Mai kalangu yana kallon bakin mawaƙi. In mawaƙi ya ja kirari ya tsawaita, sai ya lafa masa. In ya ga wata Hajiya ta taso za ta yi liƙi, sai ya matse tsarkiya ya kira sunanta da ganga, don Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kalangu kuma yana iya bin wannan hawa da saukar. Haka mai algaita a ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla, yana busa yana duban tafiyar doki. Fiyano kuwa in an ce masa bugu 120 a minti, a kan 120 zai mutu, ko mawaƙiya ta sarƙe ko ta tsaya shan ruwa. Wanda ke zaune a gabansa shi ne kunnensa, in kuwa shi ma bai saurara ba, to ba mai saurare a filin.

Don haka darasin farko da marubucin nan ke ba ɗalibansa shi ne kada su kunna komai sai mawaƙi ya rera baiti ɗaya da bakinsa kawai. Daga nan ake ɗaukar abu biyu. Na farko gudu: akwai maɓallin da aka rubuta Tap a kansa, ana bubbuga shi daidai da tafin mawaƙi, na'urar ta lissafa gudun da kanta. Na biyu tsayin murya. Da yawa daga cikin matasa a wuri ɗaya kawai suka iya kiɗa, wasu a kan baƙaƙen maɓallai, don su biyar ɗin nan sun yi daidai da muryoyi biyar da galibin waƙoƙin Hausa ke yawo a kansu. Wannan ba laifi ba ne ga mai farawa. Laifin shi ne a tilasta wa zabiya ta hau inda maƙogwaronta bai kai ba, alhali maɓallin Transpose yana ɗaga kiɗan duka ko ya sauke shi har mataki 12 ba tare da yatsu sun sake wuri ba. Tsofaffin zabiyoyi ba sa ɓoye wa yaro. Za ka ji ɗaya ta juyo ta ce, "Kai ɗan nan, sassauta mini, ba tsere muke ba." Yaron kirki sai ya ce, "To Inna," ya rage. Wanda bai san inda ake ragewa ba sai ya ƙara ƙarar lasifika.

Sai batun akor, inda aka fi yin ɓarna ba a sani ba. An gina rakiyar ne a kan kiɗan Turawa, inda akor ke da muryoyi uku kuma yake sauyawa a kai a kai. Waƙar Hausa sau da yawa a gida ɗaya take zaune daga farko har ƙarshe, daɗinta yana cikin kari da amshi da ganga. In aka danna yatsa ɗaya, na'urar za ta cika sauran muryoyi biyun da kanta, kuma ta tsakiyar ce ke yawan karo da muryar mawaƙi. Mai sauraro ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, zai dai ce waƙar ta yi tsami. Maganin yana cikin fiyanon. A tsarin da ake danna akor da cikakkun yatsu, Yamaha yana gane murya ta ɗaya da ta biyar kaɗai, misali do da sol, ya bar ta tsakiya. A manyan samfura, in aka danna maɓallai uku da ke jere da juna, baƙi da fari, sai komai ya yi shiru ban da ganguna, wanda shi ne daidai lokacin kirari. Ana kuma iya kashe kashi-kashin rakiyar ɗaya bayan ɗaya. Marubucin nan yakan kashe huɗu ko biyar cikin takwas ɗin kafin ya fara aiki, ya bar ganga da bas da jita ɗaya. Ɗalibai sukan ga kamar asara ce a sayi kaya mai tsada a kashe rabinsa, sai sun ji yadda muryar mawaƙiya ta fito fili.

Ritim ɗin ma sai an zaɓa. Yawancin waɗanda ke farkon jeri masu bugu huɗu ne cif, na disko da makamantansa. Kaɗe-kaɗenmu da yawa kuwa tafiyar uku-uku suke yi, abin da fiyano ke rubutawa 6/8 ko 12/8. Wanda ya ɗora waƙar ƙwarya a kan disko ya daddatse mata ƙafa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Mamman Sani Abdoulaye, ma'aikacin UNESCO a lokacin, ya ga wata na'urar kiɗa ƙirar Orla ta ƙasar Italiya a hannun wani wakilin Ruwanda a wurin taro, ya saye ta. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon ƙasa a Yamai, kaset kaɗan aka buga, amma shekara da shekaru ƴan Nijar suna jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawa ba su san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, duniya ta ji. Na'urarsa ba ta kai ko kusa da wadda yaran yau ke riƙe da ita ba, gangunanta ƴan kaɗan ne, sautinsu siriri. Amma duk wanda ya saurara zai ji karin waƙoƙin gargajiyar ƙasar nan ne a gaba, na'urar tana bi a hankali. Bayansa an yi Hama, shi ma a Yamai, wanda kiɗan fiyanonsa ya zaga ƙasa ta katin waya kafin a buga masa faifan Torodi a 2015.

A Kano kuwa fiyanon Yamaha samfurin PSR shi ya haifi kiɗan finafinan Hausa, musamman daga fim ɗin Sangaya na 1999, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu a kai. Daga can ne salon ya iso Damagaram. Kada kuma a ɗauka ritim ɗin da ya zo a cikin na'ura abin raini ne. A 1981 Casio ya fitar da ƙaramin fiyano MT-40, wata ma'aikaciyarsa mai suna Okuda Hiroko ta tsara masa wani ɗan kiɗa. A 1985 Wayne Smith na Jamaika ya rera waƙa a kansa a sitidiyon King Jammy, aka rage masa gudu ya dace da rege, kiɗan da ake kira Sleng Teng ke nan, an ɗora masa waƙoƙi ɗaruruwa. Sun ɗauki abin kamfani ne, suka lanƙwasa shi ya dace da bakinsu.

Wanda fiyanonsa ke da wurin ƙirƙirar ritim, ya fi masa ya gayyato mai kalangu na gaske, ya biya shi, ya zauna ya kaɗa, shi kuma ya kwaikwayi bugun da yatsu a maɓallan ganguna ya ajiye. A nan akwai tarko ɗaya: na'urar tana da dabarar gyara bugu ta mayar da kowanne kan layi daidai. In aka matsa mata da yawa, za ta goge ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan da ke sa ƙafa ta motsa.

Ɗaukar kiɗa shi ne wuri na biyu da ake kuka. Matasa da yawa ba su san cewa maɓallin Rec iri biyu yake ɗauka ba. Na farko, wanda kusan kowane fiyano ke da shi, ba sauti yake ɗauka ba. Yana rubuta wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, a wane lokaci, bisa tsarin MIDI da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi tun 1983. Amfaninsa babba ne, don bayan an gama ana iya sauya gudu, a sauke murya, a mayar da sarewa goge, a gyara yatsa ɗaya da ya zame, ba sai an sake kaɗawa ba. Amma muryar mawaƙi ba ta shiga ciki, kuma in aka kai fayil ɗin wani fiyano na daban, zai karanta shi da nasa sautukan, kalangun da aka wahala a kai ya fito wani abu dabam. Iri na biyu shi ke ɗaukar sautin kansa zuwa kan filas, a fayil ɗin WAV mai cin kusan megabait 10 a minti. Shi ake kai wa sitidiyo ko gidan rediyo, amma ba ya gyaruwa. Mai hankali yana ajiye duka biyun.

Tsarin da marubucin nan ke bi wajen ɗaukar kiɗa layi-layi shi ne rakiya da akor a layin farko, yana kaɗawa mawaƙi na rerawa a gefensa don a san tsawon kowane baiti. Sai karin waƙa a layi na biyu, ado daga baya. Ƙananan fiyano layi biyu zuwa shida suke bayarwa, manya 16. Layi 16 ba wajibi ba ne a cika su.

A manyan samfura, abin da aka ɗauka bai zauna ba sai an ajiye shi da suna. In wuta ta ɗauke kafin nan, ya tafi. Da yawa kuma suna kashe kansu in aka bar su minti 30 ba a taɓa ba, don haka wanda ya tashi salla ko cin abinci bai ajiye ba, zai dawo ya tarar da wayam. Ana iya kashe wannan tsarin a cikin saiti. Masu kiɗan Zinder da Maraɗi sun ga amfanin fiyano mai cin batir shida a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli.

Cajar ma a duba ta. Ƙananan Yamaha bolt 12 suke ci, manya 16, kuma cajar kasuwa da bakinta ya shiga ba lalle ƙarfinta ya dace ba. Kada a jona fiyano da janareta sai ya tashi ya daidaita. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai ta kwanta a kan robar da ke auna ƙarfin yatsa, shi ya sa ake samun maɓalli ɗaya ya yi shiru ko ya riƙa ihu fiye da ƴan'uwansa. Zane mai kauri a rufe shi da shi ya fi kuɗin mai gyara sauƙi.

Saura maganar da ba a son yi a gaban mawaƙi. Kiɗan da yaro ya kwana uku yana haɗawa, da zarar ya shiga filas ya fita hannunsa, gobe zai ji shi a kasuwar Lahadi ta Mirriya da muryar wani a kai. Kafin a danna Rec ya kamata a yi magana a fili: kuɗin aiki ne kawai, ko mai kiɗa yana da rabo a waƙar, kuma za a ambaci sunansa ko a'a. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, inda ake rajistar aiki. Mawaƙi ya tafi da fayil ɗin sauti, mai kiɗa ya riƙe na MIDI mai layi-layi a filas ɗinsa na daban, don ranar gardama shi ne zai nuna wanda ya gina kiɗan tun daga ganga ta farko.