Wa Ta Ɗinka Hular?

'Yata, labari ya iso ni cewa kin dage sai kin shiga harkar fim, mahaifinki kuma ya ce sai ya ji ta bakina kafin ya yanke magana. Abin da na gaya masa shi zan gaya miki. Ban ga aibin mace ta ci abinci da basirar da Allah ya ba ta ba, muddin ta tsare addininta da mutuncin gidansu. Wannan ɓangaren kin sha jin sa tun daga Islamiyya har bakin 'yan uwa, kuma na san tarbiyyar da aka yi miki, don haka ba zan ja shi da tsawo ba. Akwai wata magana da ba a cika yi wa 'yan mata irinki ba, a kanta nake so ki ba ni aron hankalinki.

Ki ɗauki hular da babanki yake sawa ranar Juma'a, ki juya ta ki duba cikinta. Mai zane ne ya fara zana ta a kan farin ƙyalle, aka aika da ita cikin gida tare da zare. Wata mata ta karɓa. Sai ta sauke tukunya, ta sallami yara, sannan ta jawo kujera 'yar tsugunno zuwa inda haske yake, ta riƙa huda ƙyallen da allura rami bayan rami, tana kewaye kowane rami da zare har ya zama ɗan ido. Haka za ta yi makonni, wata hular ma ta haura wata guda, wuya ya ƙage, ido ya yi ja. In ta gama dillaliya ta zo ta karɓa, a kai wa masu wankin hula su wanke su buge ta ta miƙe, ta isa Kasuwar Kurmi da kuɗin da ya ninka abin da aka ba mai ɗinkin. A can za ki ji ana cewa wannan Zanna Bukar ce, waccan 'yar Bama ce. Hula ta samu sunan babban mutum, ta samu sunan gari. Wadda ta ƙare ganinta a kanta kuwa, ko mai sanye da hular bai taɓa tambayar sunanta ba.

Haka aikin mata ya daɗe yana tafiya a ƙasar nan. Mai kitso, mai zanen lalle, mai saƙar faifai, wadda ake kira ta yi jeren ɗakin amarya, duk masu fasaha ne, amma aikinsu yana fita daga hannunsu ba tare da sunansu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne harkar fim ta gaji wannan ɗabi'a, sai dai ta lulluɓe ta da ƙyalƙyali har ba a gani.

Tun da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, mata suke riƙe da rabin wannan sana'a. A zamanin kaset, yarinya za ta shiga situdiyo ta rera waƙa, a biya ta sau ɗaya ta tafi gida. Wata ce za ta hau waƙar a gaban kyamara, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su buga dubbai su sayar, waƙar ta zaga har Maraɗi da Kumasi, mai muryar ba ta ƙara ganin ko sisi ba. Kaɗan ne sunansu ya fito, irin su Fati Nijar da Maryam Fantimoti. Su ma masu fuskar, kada ki ɗauka sun tsira. A 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda ta tsufa a cikin wasan kwaikwayo, ta gaya wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai ƙalilan ake ba ta in ta fito a fim. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta cacar baki a waya. Ni ba alƙalanci na zo yi ba. Abin da na lura da shi kawai, baiwar Allah ta ba sana'a ƙuruciyarta da tsufanta, kowa ya san fuskarta, amma a cikin tarin finafinan nan babu wanda za ta nuna ta ce nata ne, yana kawo mata wani abu tana zaune a ɗaki. Wanda ake haya yau ana iya barin sa gobe, kuma fuskar mace a wannan harka kwananta ƙidayayye ne. Kullum akwai sabuwar yarinya a bakin ƙofa.

Ki ciro Naira ashirin ki duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali. A wurin 'yan uwanta mata ta koyi gini irin na gargajiya, wanda ba a amfani da injin juyi: a murza yumɓu a jera shi gammo kan gammo, mai ginin ce take zagaya tukunyar tana shafe ta, sannan ta zana ƙadangare da kada da kunama da kifi a jikinta. Mata da yawa a ƙasar Gwari sun iya wannan. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana ajiye tukwanenta a gidansa, a nan wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Tana da ƙwarewarta ta gida, amma ba ta ce ta riga ta iya ba. Ta zauna ta koyi juyi a kan inji, ta koyi shafa wa tukunya ruwan ƙyalli da gashi a tanda mai zafin gaske. Kuma a makarantar nan, kowace tukunya da ta fita daga hannunta akwai tambarin haruffa biyu a jikinta, L da K. Saboda haruffan nan ake gane aikinta a gidajen adana kayan tarihi na Ingila da Amurka har yau, shekaru da dama bayan rasuwarta a 1984. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi boko ba. Takwarorinta da suka gina randunan da suka kai nata kyau, randunan sun fashe a bayan ɗaki, ba wanda ya san sunan ko ɗaya.

Abu biyu ne ta haɗa, 'yata, ta zurfafa a cikin sana'ar, kuma aikin ya fita da sunanta. Su nake roƙa miki.

In kin je wurin ɗaukar fim, za ki ga yawancin lokacin zaman jira ne. Kada ki ƙarar da shi a kan waya. Ki matsa kusa da mai kyamara ki ga dalilin da ya sa ya matsar da fitila. Ki tambayi mai ɗaukar sauti abin da yake ji a kunnensa. In an gama, ki nemi izini ki zauna bayan mai tace hoto ki ga yadda ake yanka fitowa a haɗa ta da wata, don a kan kwamfutar nan ake gina fim na gaskiya. Za a yi miki dariya, a ce jaruma me ya kai ta nan. Ki bar su. Wadda ta iya rubuta labari ko tace hoto, ba mai cewa ta tsufa. Kuma ki yi tunanin aure, don na san yana tafe in Allah ya so. A al'adar masana'antar nan, mace in ta yi aure takan bar fitowa, shi ya sa kike ganin wasu sai auren ya mutu su dawo, mutane su yi ta surutu a kansu ba tare da sanin abin da ya faru ba. Rubutu da tacewa da shirya fim kuwa, kina ɗakinki da goyo a bayanki za ki yi su, da yardar mijinki. Rahama Sadau ba ta tsaya a fitowa kawai ba, ta buɗe kamfaninta ta shirya Rariya a 2017. Ko me mutum zai ce a kan wasu al'amuranta, wannan dabarar abar koyi ce.

Maganar rubutu ta kawo ni kan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda nake so ki nemi littattafanta ki karanta kafin ki sa ƙafa a ko'ina. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13 ko kusa da haka. Daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci ta kama karatu da rubutu da kyau. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Babu wata unguwa a Kano da ba a san irin wannan mata ba. An mayar da littafin fim, kuma a 2012 Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga. Ki lura da wannan da kyau. Shekara da shekaru 'yan fim ɗinmu suna kwaikwayon Indiya, rawa da waƙa da labarin, amma da Indiyawa suka tashi ɗaukar wani abu daga wurinmu, labarin tsakar gidan Bahaushiya suka ɗauka. Kafin ita, Hafsat Abdulwaheed ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, bayanta ga su Bilkisu Funtuwa, ga kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016. Hanya a share take.

Kuma jarin da kike da shi ya fi na kowane namiji a masana'antar. Namiji iyakarsa zaure. Bai san abin da ake faɗa a wurin wankan jego ba, bai san yadda kishiyoyi suke raba nama su yi magana da ludayi ba tare da sun buɗe baki ba, bai taɓa zama a gidan biki bayan maza sun watse ba, lokacin da za a kife ƙwarya a kan ruwa a fara amada. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa daga nan ta fito. Da ƙore da 'yan amshi ta yi suna a duk ƙasar Hausa, tana yi wa mata waƙa da harshen da suke yi wa junansu magana, tana zuga su su kama sana'a. Ta rasu a 2013. Mata nawa irinta suka wuce ba a naɗi muryarsu ba? Waƙoƙin niƙa da na daɓe sun kusa ƙarewa, tunda injin niƙa da siminti sun karɓe aikin. Kakarki ta wajen uba tana da su a ka, da tatsuniyoyin da ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita. Wayar da ke hannunki ta isa. Ki zauna da ita ki naɗa, ki rubuta sunanta da garinsu da ranar da ta faɗa miki. In wata rana kin gina fim a kan abin da ta ba ki, sunanta ya fito a rubuce. Abin da nake nema miki a wurin wasu, ki fara yi wa wadda ke ƙarƙashin hannunki. Mai kwalliya da mai ɗinka kayan fim da yarinyar da ta rera waƙa, ki biya su a kan lokaci, ki sa sunayensu.

Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, amma har yau ana karanta abin da ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, saboda an rubuta, an san nata ne, zuri'arta kuma sun adana. Don haka in wani ya ce miki mace ta sa sunanta a kan aikinta rashin kunya ne, ki tuna masa da ita cikin ladabi.

Saura maganar takarda, wadda na san za ta yi miki nauyi. An rene ku da kunya da kawaici, kuma abin so ne. Amma kunya ba ta hana a rubuta ciniki, addininmu ma ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Kafin ki fara kowane aiki, a faɗi kuɗin, a rubuta. In labari kika rubuta, ki san ko sayar da shi kike yi ɗungurungum ko aro kika bayar na fim ɗaya. Yanzu da kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube, fim yana iya kawo kuɗi shekaru bayan an ɗora shi, kuma mai tashar ne yake kwasa. Marubuta mata da yawa sun saki littattafansu a WhatsApp, sai suka tsinci wani yana karanta su a tasharsa yana karɓar kuɗi, ko gaisuwa bai aiko ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai hukumar da ke kula da ita, sai dai doka tana taimakon wanda ya riƙe shaida ne. Ki ajiye rubutunki na asali da kwanan wata. Duk wanda ya ce miki ai mu 'yan uwa ne, ba sai an yi takarda ba, ki ce masa don zumuncin ya ɗore ne kike so a yi.

Kuɗin farko da za su shigo, na san ido zai kai kan leshi da sabuwar waya. Ki yi wa iyayenki alheri, ki shiga adashi da mata masu amana, in kin kwasa ki sayi kwamfutar da za ki koyi aiki a kanta. In an kira ki wurin aiki a wani gari, ki tafi da yayanki ko wata babba, ki kuma san inda za ki kwana tun kafin ki bar gida.

Duk takardar da suka ba ki, kada ki sa hannu a wurin. Ki ce za ki kai wa manya su gani, ki kawo mini mu karanta tare, in ta fi ƙarfinmu mu nemi lauya ya duba. Ki gaida mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka.