Kada ka yanke ciniki rai a ɓace

Makiyayi ko manomi na Dakoro, idan bazara ta matsa, rumbu ya yi ƙasa, mai bashi yana sallama, a nan ake sayar da saniya da asara ko a jinginar da gona.

Irin wannan ciniki cikin tsoro yana da tushe a jiki. Hotunan ƙwaƙwalwa na na'urar MRI sun nuna cewa idan tsoro ya taso, sashen da ke jin haɗari, amigdala, yakan yi ƙarfi, sashen goshi mai auna riba da asara kuma ya raunana. A 2007, binciken Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka ya gano cewa kwana ɗaya babu barci yana ƙara wa amigdala ƙarfi da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Don haka:

Tsai da farashinka tun a gida, kafin hayaniyar kasuwar dabbobi.

Babban ciniki, ka bari ya kwana.

Tafi da ɗan'uwa mai sanyin kai. Kada dillali ya gaggauta ka.

Rubuta bashi gaban shaidu, domin damuwa tana kawo mantuwa.

Idan rashin barci ya daɗe, je ka ga likita. Guji neman sauƙi a taramol.